Inda Ruwa Ke Kwanciya: Kundin Aikin Taswirar Ambaliya Daga Kara Zuwa Mile 12

13 ga Janairu, 2025

Yau kwamitin sashenmu ya amince da tsarin binciken digirina na uku, don haka zan riƙa rubuta inda aka kwana lokaci zuwa lokaci. Abin da nake nema taswira ce da za ta nuna inda ruwa ke kwanciya a ƙarshen Kogin Ogun: daga gadar Kara, a bi ta Isheri, Agiliti, bayan kasuwar Mile 12, Owode, har Ajegunle ta hanyar Ikorodu, inda kogin ke rarrabuwa ya zuba cikin tafkin Legas. Ina so a san wurin da ruwa ke fara shiga, tsawon kwanakin da yake yi, da mutanen da ke zaune a wurin. Kayan aikina hotunan tauraron ɗan'adam ne.

Ambaliyar Legas iri biyu ce, amma mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai ta ruwan sama, irin ta 10 ga Yulin 2011, inda aka wuni ana zuba ruwa, magudanai suka kasa ɗauka, gari ya cika. Wannan takan janye cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma ta kogi, wadda ke zuwa a Satumba da Oktoba, wani lokaci rana na tsaka ba ko yayyafi. Ruwan Ogun daga jihar Oyo yake tasowa, ya haɗu da na Kogin Oyan, ya ratsa Abeokuta. A kan Oyan ɗin akwai madatsar da Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 270. In ta cika dole a rage mata, in kuma a lokacin teku ta cika ta riƙe bakin tafkin, ruwan ba shi da wurin zuwa sai gidajen mutane. Wannan ta biyun ce tawa.

A Agege aka haife ni, kawuna kuma dillalin shanu ne a Kara. Duk shekarar da ruwa ya zo, hotunan da ake nunawa na rukunin gidaje masu geti ne. Masu kwana a rumfa da ɗakin haya ba a cika lissafa su ba, kuma da yawansu namu ne.

4 ga Fabrairu

Na fara da tarihi. Tauraron Landsat na Amurka tun 1972 yake ɗaukar hoton duniya, kuma tun 2008 aka saki hotunan kyauta. Yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 16, ɗigo guda a hotonsa mita 30 ne kowane gefe. Matsalar Legas gajimare: daga Afrilu zuwa Oktoba abin da ake samu yawanci fari ne fat. Hotunan kirki na Disamba da Janairu ne, su ma wani lokaci hazon hunturu ya dusashe su. Na Landsat 7 kuwa, tun da wani ɓangaren na'urarsa ya lalace a Mayun 2003, zane-zanen baƙi ne suka ratsa su.

Duk da haka na jera na shekarun 1980 kusa da na bara. Inda a da kurmin fadama ne kore shar tsakanin Isheri da Agiliti, yanzu rufin kwano ne ya mamaye da yawa daga ciki. An cike fadama da yashi da shara an yi gini. Ruwan bai canza hanya ba, hanyarsa aka zauna a kai.

26 ga Fabrairu

Makon nan na koma kan rada, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Tun da gajimare ke rufe Legas daidai lokacin ambaliya, kyamara ba ta da amfani. Tauraron Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a Afrilun 2014, ba ya jiran hasken rana. Daga nisan kusan kilomita 700 yake aiko da siginar rada mai tsawon zango kimanin santimita 5.6, ya auna abin da ya dawo masa. Siginar tana ratsa gajimare, dare da rana duk ɗaya ne. Idan ta sauka kan ruwa kwantacce sai ta zame ta yi gaba, kamar ka haska tocila a karkace kan farantin silba, hasken ya bar ka ya tafi can. Don haka ruwa yakan fito baƙi a hoton, ƙasa mai gargada da ciyayi su fito toka-toka. Aikin da aka saba shi ne a ɗauki hoton kafin ambaliya da na lokacinta, a rage musu ƙyasfin da ke cikin hoton rada, a sa iyaka, duk inda ya yi duhu fiye da iyakar a ce ruwa ne. Hanyar sa iyakar da na bi ta Otsu ce, wani masanin Japan da ya wallafa ta a 1979.

Na gwada da Oktoban 2023, shekarar da ruwa ya mamaye Isheri da Kara. Filayen da ke gefen doguwar gadar hanyar Legas zuwa Ibadan sun fito baƙi ƙirin, yadda ake tsammani. Na ji daɗi. Sai na gangaro Agiliti da bayan Mile 12, taswira ta ce wai busasshe ne. Alhali na san mutanen da suka yi makonni suna shiga gida a kwalekwale a wannan watan.

Dalilin sananne ne a fannin. Inda gidaje suka matsu da juna, siginar kan sauka kan ruwan da ke lungu, ta zame ta bugi bango, bangon ya mayar da ita sama wurin tauraron. Maimakon wurin ya yi duhu sai ya ƙara haske. Ga rufin kwano da ke rufe lungun ma baki ɗaya. A ɗaya gefen kuma titin saukar jirage na filin Murtala Muhammed da ke Ikeja ya fito baƙi, saboda kwalta mai santsi ce, kwamfuta ta ƙirga shi cikin ambaliya. Ranar da iska ta kaɗa tafkin, tsakiyar ruwa ma sai ya fito kamar ƙasa.

Abin da ya hana ni barci shi ne ma'anar wannan. Hanyar da aka fi amfani da ita tana ganin ruwa a fili, a gona, a rukunin gidaje masu faffaɗan titi, amma ba ta ganinsa inda talakawa suka cunkushe. In da irin wannan taswirar ake raba kayan agaji ko a yanke shawarar inda za a haƙa magudana, to waɗanda suka fi shan wuya su ne ba za su fito a takarda ba. Yanzu na san ainihin tambayar kundina.

19 ga Maris

Azumi, ga takardun jarrabawar ɗaliban aji biyu jibge a tebur. Ban taɓa bincike ba kwana biyu. Ni har yanzu a matakin mataimakiyar malama nake, darussa masu cunkoson ɗalibai mu ake bai wa, kuma ba za a yi maganar ƙarin girma mai ma'ana ba sai da digirin nan da maƙalu a mujallu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur, ya riga ya ja mana lokaci.

Na nuna wa Farfesan da ke duba aikina taswirar. Ya daɗe yana kallon Agiliti, sannan ya ce, "Malama, kwamfuta ta gama nata. Ki sa takalmin roba ki je ki tambayi bango." Ya kuma hana ni dogara da taswirar tudu da kwari ta SRTM: a Fabrairun 2000 aka auna ta, saman rufi da bishiyoyi take aunawa, kuskurenta kan kai mitoci, alhali a wannan yanki rabin mita ne ke raba wanda ya kwana a katifa da wanda ya kwana a kan benci.

12 ga Afrilu

Kara. A takarda ƙasar jihar Ogun ce, amma kasuwarta Legas take ciyarwa, ruwa kuma bai san iyakar jiha ba. Kawu ne ya shige mini gaba, ɗalibaina biyu na biye da tef ɗin awo da na'urar GPS ta 'yan safiyo da muka aro, domin ta waya ba ta isa a auna tsayi da ita ba.

Ya kai mu bayan wani ƙaramin masallaci da ba a sake wa fenti ba. A jikin bangon akwai layuka uku na laka, kowanne miƙe sambal, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa ya kai gwiwata, na sama ya wuce ƙuguna. Daga layin sama zuwa ƙasa siminti ya yi duhu, yana ɓarɓashi in an taɓa, akwai busassun saiwoyin kainuwa maƙale a tsagar bulo. Kawu ya ɗora yatsa kan na tsakiya ya ce wannan na 2019 ne, na sama na 2023. Ladanin masallacin ya zo ya tabbatar, ya ƙara da cewa a na saman sai da suka kwashe tabarmi da Alƙur'anai suka ɗora a kan katakon rufi. Da na tambayi kwanan wata, ba su ba ni da lissafin Bature ba. Da Juma'o'i suka ƙirga: Juma'a nawa aka yi ba a yi salla a ciki ba. Wannan ya fi mini amfani, domin tsawon kwanakin ruwa nake nema.

Na buɗe kwamfuta na nuna wa Kawu hoton. Ya ce, "'Yar nan, ke da kike kallo daga sama, ba ki ga shanunmu jere a bakin titi ba? Can muka kai su, turakun duk sun nutse." Na ce, "Kawu, ɗigo ɗaya a nan mita 10 ne, saniya ba ta kai a gan ta ba." Ya gyaɗa kai ya ce to shi ya sa dole a zo a tambaye su.

Mun auna kowane layi, mun ɗauki wurinsa da tsayinsa, mun ɗauki hoto da tef a jiki.

3 ga Mayu

Mile 12 da Agiliti. Nan aikin ya yi nauyi ta wata fuskar da ba ta cikin tsarin da na rubuta.

Ta hannun shugabannin 'yan gwari muka shiga, aka haɗa mu da masu ɗakuna a bayan kasuwa. Matan gida sun fi kowa riƙe bayani. Wata Hajiya mai sayar da abinci ta nuna mini ƙafar gadonta, an ɗora kowacce kan bulo biyu, ta ce ɗaya ta farko ba ta isa ba sai da aka ƙara. Ta san lungun da ruwa ke fara ɓullowa, kuma ta ce ba daga kogi kai tsaye yake zuwa ba, ta cikin kwata yake tasowa ya dawo baya. Wannan bayani babu tauraron da zai ba ni shi.

Muna cikin awo wani dattijo mai ɗakunan haya ya tsayar da mu. Ya ce, "Malama, ki yi mini gaskiya tsakaninki da Allah. Taswirar nan taki ta taimako ce ko ta rusau?" Na yi shiru. Tambayarsa tana da tushe. A Yulin 1990 aka rushe unguwar Maroko a nan Legas, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa wurin kwari ne mai ambaliya. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi unguwar Otodo Gbame. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san takardar da ta ce wuri na da haɗari tana iya jawo magudana, tana kuma iya jawo katafila.

Na ce masa, "Baba, niyyata taimako ce, amma in takarda ta fita ba ni da iko da hannun da za ta faɗa." Abin da na iya yi masa alkawari uku ne, kuma na rubuta su don su zama sharaɗin aikin: ba zan fitar da taswira mai nuna gida-gida ba, sai dai unguwa-unguwa, ba sunan kowa ko hoton ƙofarsa, kuma kafin in kai sakamakon ko'ina, su zan fara kawo wa, da Hausa da Yarbanci. Ya bari muka auna bangonsa. Maƙwabcinsa bai yarda ba, muka yi masa godiya muka wuce.

Tun da na dawo nake juya maganar. In taswira ba ta gan su ba, an manta da su. In ta gan su sosai, ana iya tashinsu. Darussan da na yi a Ile-Ife, a cibiyar koyar da safiyo daga sama da a da ake kira RECTAS, sun koya mini gyaran hoto da lissafin kuskure, amma wannan sai a bakin kwata na gamu da shi. Na sa a raina zai zama babi guda a kundin, ko da wasu za su ce ba kimiyya ba ce.

2 ga Yuni

Mokwa. Ruwan da ya sauka ranar 29 ga Mayu ya ci rayuka sama da 150. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. A Satumban bara madatsar Alau ce ta ɓalle kan Maiduguri. Ɗalibaina na ta tambaya me ya sa taurari ba su yi gargaɗi ba. Na ce musu tauraro yana nuna inda ruwa ya taɓa bi da inda zai iya bi, amma sai an sami mai karanta hoton, da mai kai saƙon, da wanda zai yarda da shi. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage: hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tun 1999 take, an harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, na ƙarshen ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila, ga cibiyar hangen ƙasa daga sama a Jos. Masu karanta hoto a matakin unguwa ne muke da ƙarancinsu.

Babbar Salla ta matso, Kara ta cika da raguna, ba wanda ke da lokacin tef. Fita ta tsaya sai bayan Salla.

21 ga Yuli

Ci gaba na gaske. Na bar dogara da duhu da haske kaɗai, na koma kan wata hanyar da ke auna daidaituwar sigina tsakanin hotuna biyu. Gini ba ya motsi, don haka yadda yake mayar da sigina yau da bayan kwana 12, lokacin da tauraron ke dawowa, kusan ɗaya ne. In ruwa ya shiga tsakanin gidaje, wannan daidaito sai ya faɗi. Na kwatanta na hotuna biyu kafin ambaliyar 2023 da na waɗanda suka ratsa lokacinta. A Agiliti daidaiton ya faɗi a lungunan da muka sami layin laka, ya tsaya daram a tudun da aka ce mana ruwa bai kai ba. Ranar da na ga haka sai da na tashi na yi nafila.

Amma da sauran rina a kaba. Cikin kasuwar Mile 12 kanta hanyar ba ta aiki: tireloli na shiga da fita, rumfuna na canza wuri, lema da buhuna na motsi kullum, daidaito a ƙasa yake ko da rani. Inda akwai ciyayi ma haka. Ga kainuwa: a 2016 ita da shara suka toshe kogin a gadar Kara har mutane suka riƙa takawa a kai, irin wannan shimfiɗar rada ƙasa take ɗaukarta.

Sai kuma tazarar lokaci. Tun da Sentinel-1B, na biyu a jerin, ya daina aiki a Disamban 2021 tauraro ɗaya ya rage, sai a Disamban 2024 aka harba 1C. Ruwan saman da ya cika titi da safe ya janye da yamma zai iya zuwa ya tafi ba a gan shi ba. Shi ya sa na tsaya kan ambaliyar kogi mai yin makonni.

1 ga Agusta

Shekaranjiya aka harba tauraron NISAR daga Indiya, haɗin gwiwar Amurka da Indiya. Yana ɗauke da rada mai zangon kusan santimita 24, wadda ta fi ratsa ganye ta ga ruwan da ke ƙarƙashin kurmi. Bayanansa kyauta za su kasance. Ba zai riski wannan kundin da yawa ba, amma ɗaliban da ke bayana za su more.

9 ga Satumba

Maƙalata ta farko ta dawo daga masu tantancewa. Ɗaya ya yi gyara mai amfani kan lissafin kuskure, zan bi shi duka. Na biyun ya ce shaidar mazauna ba abin dogara ba ce, a cire ta. Ba zan cire ba. Layin laka ba ra'ayi ba ne, da tef aka auna shi, kuma kowace shekarar da aka ba ni sai da na ji ta daga bakin mutane daban-daban da ba su zauna tare ba. Zan faɗaɗa bayanin yadda muka tantance, in kare shi. Kuɗin wallafa kuwa da dala ake biya, ya ninka albashina na watanni; na rubuta takardar neman rangwame.

Wata ƙawata da muka yi karatu tare, yanzu tana Jamus, ta turo mini sanarwar gurbin bincike. Ta ce can akwai kwamfuta mai ƙarfi, ba a ɗauke wuta, ba ajin ɗalibai ɗaruruwa. Gaskiya ta faɗa, kuma ba na ganin laifin duk wanda ya tafi. Zan nemi na gajeren lokaci, wata uku ko shida, in koyi sarrafa bayanan sabuwar radar. Amma hotunan nan ko daga Jamus ana iya sauke su; abin da ba a samu daga can shi ne wanda ladanin Kara zai buɗe wa bayan masallaci. Mu da muke jin yaren mutanen nan a wannan fannin ba mu da yawa.

6 ga Oktoba

An shiga watan kogi. Bana ba na so in dogara da tsohon tabo kaɗai, ina so in sami awo na ranar da tauraron ya wuce. Mun zana ma'auni da jan fenti da fari, santimita goma-goma, a jikin wasu turakun wuta da bangayen da masu su suka amince, a Kara, Agiliti da Owode. A kowane wuri akwai mai kula: ladanin nan, yaron Hajiya mai abinci, wani ɗan acaɓa, wani mai gadi. Sentinel-1 wajen magariba yake ratsa mu, don haka na ba su jerin ranakun, na roƙi kowa ya ɗauki hoton ma'aunin kafin a kira salla ya turo ta WhatsApp, ko da ruwa ko babu. Hoton busasshiyar ƙasa ma shaida ce, na nanata musu wannan. Kuɗin datarsu daga aljihuna yake fita tukuna.

Dattijon nan mai ɗakunan haya ya aiko a tambaye ni yaushe za su ga abin da aka samu. Na ce bayan ruwa ya janye, cikin Disamba in Allah Ya yarda, a harabar makarantar Islamiyyar unguwar, shugabannin kasuwa da na Yarbawan unguwa duk za a gayyace su. Kafin nan akwai gyaran maƙala da za a mayar ƙarshen wata, da babi na uku da Farfesa ke jira, da fentin ma'aunin Owode da ruwan sama ya wanke, wanda za mu koma mu sake ranar Asabar.